Yadda za ka koma Samaru ziyara bayan shekaru da gama karatu

Wannan rubutun na 'yan'uwana ne da suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya, suka gama, suka dawo gida suka kama koyarwa ko aikin asibitin karkara ko sakatariyar ƙaramar hukuma ko noma, shekara goma, sha biyar, wani ma ashirin, ƙafarsu ba ta sake taka Samaru ba. Muna da yawa a nan ƙasar Ringim da Jahun da Gumel da Kazaure, haka can wajen Rano da Ƙaraye da Bichi. Kullum in an haɗu wajen ɗaurin aure sai hirar makaranta ta ɓarke, a ce wallahi ya kamata mu koma mu ga wurin nan, a watse ba wanda ya je. Ni dai ina ganin a je ɗin, kuma a je saboda mutanen da suka riƙe mu lokacin da ba mu da komai. Wanda ya yi Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ko ta Wudil shi ma ya ɗauki abin da ya dace da shi, haka ƙannenmu na Dutse da Kafin Hausa, su da jami'a ta zo musu har gida a 2011 da 2013. Amma Zariya na zauna, ita zan yi magana a kai.

Fara da zaɓen lokaci. Mu mutanen ƙauye damina ba tamu ba ce, daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai ba ka da kwana biyun da za ka bayar, don haka ka bari sai kaka ta yi, an yi girbi an kai amfani gida, aljihu ya ɗan yi nauyi. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai ka ɗauki rigar sanyi mai kauri da hula, don wanda ya kwana a Samaru da hunturu ya san abin da nake faɗa. Sannan ka tabbatar makaranta na ciki da ɗalibai. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2020 da na 2022, wanda na biyun ya kai wata 8, sun birkita kalandar karatu, lokacin da ka sani na hutu a da wataƙila yanzu tsakiyar zango ne, ko akasin haka. Ka kira wani ɗalibi ɗan garinku ka tambaye shi. Kar ka je lokacin jarrabawa, ba malamin da zai samu sukunin zama da kai, kar kuma ka je ana hutu, za ka tarar da wuri shiru ko mai shayi ya tafi gida. In kana da abin yi a ofis to Litinin zuwa Alhamis, Juma'a rabin rana ce.

Hanya kuma ba wuya. Mu na ɓangaren Gujungu da Taura da Ringim motar Yankaba muke shiga, daga nan ka tsallaka gari zuwa Unguwa Uku ko Na'ibawa inda motocin Zariya suke lodi. Mutanen Dutse da Birnin Kudu ta Wudil za su biyo, su dai su guji ranar Juma'a saboda kasuwar shanu, kamar yadda mu ma ba ma son fita ranar Lahadi in kasuwar Gujungu ta cika titi. 'Yan Kiru da Bebeji da Rano ba sai sun shiga Kano ba, su tsaya a Ciromawa ko Kwanar Ɗangora su tari mota. Ka fito bayan sallar asuba. Za ku wuce Kura da Kadawa da Tashar Yari, titin yanzu an gyara shi, ya yi kyau har direbobi na yin gudun da bai kamata ba, in naku ya fara kar ka ji nauyin ce masa malam direba a yi a hankali. A Kwangila za a sauke ka, nan ka hau bas ko adaidaita ta Samaru, ku wuce Palladan da makarantar koyon tuƙin jirgin sama sai ga katangar jami'a. Kuɗin mota kuwa kar ka yi lissafi da na zamaninku, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka, ka tambayi wanda ya je kwanan nan, ka ƙara wani abu a kai, ka riƙe tsabar kuɗi a hannu ban da na waya.

Kar ka je hannu rabbana. Kuma kar ka tsaya a Kano kana sayen biskit da lemon kwalba, abin da suke da shi ne a can. Abin ƙauye shi ne tsaraba: zuma mai kyau, man shanu, gero ko da tiya biyu ne, riɗi, zoɓo, daddawa, kuka, busasshen kifin Haɗeja, dabinon Dutse in lokacinsa ne. Ka ƙulla su ƙulli-ƙulli tun daga gida, kowane da sunan mai shi a ranka, ka kuma ƙara biyu ko uku na wanda za ka haɗu da shi ba zato. Farfesan da ke zaune a kwatas in ka miƙa masa kwalbar zumar da ka san inda aka ɗebo ta, wallahi sai ka ga fuskarsa ta canza.

Da safe ka fara da ofis, mutanen gari sai yamma. A bakin get ka yi wa masu gadi sallama ka gaya musu kai tsohon ɗalibi ne, ka nuna katin shaida in sun nema, aikinsu suke yi. In kana cikin waɗanda har yau takardar sakamako ta wucin gadi suke aiki da ita, ba su karɓi ainihin satifiket ba, to wannan tafiyar ce damarka, don ranar da aka tashi tantance ma'aikata a jiha ita za a ce ka kawo, kuma a ba ka kwana kaɗan. Ka zo da lambar rajistarka, takardar sakamakon, takardar kiliyarans in tana nan, ta bautar ƙasa ko ta yafewa, katin ɗan ƙasa da hotuna fasfo, duk ka yi musu kwafi tun a gida. Kowane kuɗi za ka biya ka biya ta hanyar da makaranta ta tsara, ka karɓi rasit ka adana, kar ka miƙa wa wani a gindin bishiya don ya ce ya san hanya. Ka kuma tambaya ko sashenku yana nan inda ka bar shi, an yi sabbin gine-gine da yawa, wasu sun tashi. Wanda ya yi harabar Kongo ko ɓangaren asibiti na Shika ya ware wa can nasa lokacin daban, tafiya ce mai zaman kanta.

In ka isa sashenku kar ka zarce ofishin shugaba. Ka fara da sakatariya da masinja da mai shara, su ne suka fi daɗewa, su suka san wane malami ya yi ritaya, wa ya koma wata jami'ar, wa ya rasu, kuma sau da yawa su ne za su gane ka tun kafin ka faɗi sunanka. Ka gaishe su da kyau, Baba ina wuni, Hajiya mun same ku lafiya, ka zauna in sun ba ka kujera. Tun 2012 doka ta mayar da shekarun ritayar farfesa 70, don haka kar ka ɗauka malamanka duk sun tafi, wanda ka bari yana ƙaramin lakcara yanzu shi ne farfesa mai furfura. Ka ƙwanƙwasa, ka yi sallama, ka rusuna, ka faɗi sunanka da shekarar da ka gama da kwas ɗin da ya koyar da ku, kar ka sa shi wahalar cewa wai Malam ka gane ni? Ɗalibai dubbai sun wuce ta hannunsa. Ka gaya masa abin da kake yi yanzu da abin da karatunsa ya amfana maka, a taƙaice, minti goma ya isa sai in shi ya riƙe ka. Kuma don Allah kar ziyarar farko ta zama ta neman alfarma, yaro na neman gurbi, ƙani na neman aiki. Ka bar wannan, ka karɓi lamba, wata rana. Wanda aka ce ya rasu kuwa ka tambayi inda iyalinsa suke, in suna kusa ka je ka yi ta'aziyya ko da shekaru sun wuce, iyalan malamai suna jin daɗin ganin ɗalibin mahaifinsu fiye da yadda muke zato.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Da la'asar ka fita ta North Gate ka shiga cikin Samaru, ko Hayin Dogo, ko Layin Zomo, ko Zango, duk inda ka yi zaman haya ko cin abinci. Yawancinmu 'ya'yan talakawa ne, an haɗo mana gari da ƙuli da ɗan manja da gero a buhu, kuɗin hannu kuwa sai an sayar da akuya ko buhun gyaɗa, kafin zango ya raba tsakiya komai ya ƙare. Wa ya riƙe mu? Mai shayin da yake rubuta bashi a bayan kwali. Matar da ke sayar da garau-garau ta ƙara maka cokali ba ka roƙa ba. Mai shagon da ka karɓi kananzir na risho da sabulu ka ce sai an aiko daga gida. Maigidan haya da ya yi maka haƙurin wata uku, matarsa kuma in an yi tuwo ta aiko yaro da kwano. Mai wanki, mai gyaran takalmi, mai buga takardu da ya buga maka furojet ya ce ka kawo rabi. Limamin masallacin unguwa da ya tsaya maka ranar da zazzaɓi ya kayar da kai ba kowa naka a gari. Waɗannan ba sa cikin hoton bikin yaye ɗalibai, amma da hannunsu a digirin nan. Ka neme su ɗaya bayan ɗaya. Shagon zai iya zama ya koma wurin cajin waya ko POS, ka tambayi dattijan layin, ka kwatanta mutumin da kamanninsa da garinsu, a unguwa irin wannan ba a rasa wanda ya san inda ya koma.

Kuma kafin ka bar gida ka zauna kai kaɗai ka yi lissafin bashi tsakaninka da Allah. Da yawa an gama jarrabawar ƙarshe an tattara kaya cikin ɗoki an tafi, an bar naira ɗari uku wajen mai shayi, dubu ɗaya na haya, littafin aboki da ba a mayar ba. Ba mugunta ba ce, rashi ne da ƙuruciya, amma haƙƙi haƙƙi ne, shekaru ba sa goge shi. In ka samu mutumin ka ja shi gefe, ba a gaban jama'a ba, ka ce Baba akwai kuɗinka a wurina tun shekara kaza, ga shi, ka yafe mini jinkiri. Zai ce haba ɗana ai na manta, ka bar shi. Kar ka bari, ka sa masa a aljihu, kuma ka yi ihsani a kai don abin da ɗari uku ta saya a wancan lokacin yau dubu ba ta sayensa. In ya rasu ka nemi magadansa. In an rasa kowa nasa, ka dawo ka tambayi malamin garinku yadda za ka sauke nauyin. Haka in akwai wanda kuka rabu ba daɗi, abokin ɗaki ko wadda aka yi maganar aure ba ta yiwu ba, ka nemi yafiya ta hanyar da ta dace da mutuncin kowa, ba tare da tayar da abin da ya kwanta ba, musamman in mutum yana gidan aurensa.

'Yar'uwa, ke ma wannan ya shafe ki. Ki shirya da maigida, ki tafi da ɗanki ko ƙaninki, ki nemi matar da ta riƙe ki kamar 'yarta, da ma'aikaciyar hostel da take buɗe miki ƙofa in kin dawo daga karatun dare. Turmin atamfa ɗaya da kwanon man shanu sun isa.

Yawo cikin makaranta kuma a ƙafa ake yinsa, kar ka hau komai. Ka bi ta ginin Sanet inda ofisoshin shugabannin jami'a suke, ka tsaya a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim inda ake rububin kujera in jarrabawa ta matso, ka leƙa ajin da kuke kwana karatu har asuba da sauro da ledar ruwa, ka shiga lambun gumaka na sashen zane, ka yi sallar azahar a babban masallaci. Za ka ga wurin ya yi maka ƙanƙanta a wani gefen, ya yi girma a wani, yara kowa da waya a hannu, abin da mu sai mun bi layi a kafe kafin mu taɓa intanet. Kar ka tsaya kana ce musu zamaninmu ya fi, su ma da tasu wahalar, kuɗin makaranta da na abinci yanzu ba wasa ba ne. Hostel kuwa, Suleiman ne ko Akenzua ko Ɗanfodiyo ko ICSA da Ramat ko Amina ko Ribadu, kar ka faɗa kai tsaye don ka taɓa zama a ciki, ka tsaya wajen masu kula da ƙofa ka nemi izini, mai yiwuwa ma waɗanda ke zaune a ciki yanzu ba jinsinka ba ne. In an bar ka ka shiga, ka yi sallama a ɗakin, ka gaya wa yaran kai ma nan ka kwana, ka ajiye musu wani abu. Hoto kuma na gini da bishiya ka ɗauka yadda kake so, amma ban da 'ya'yan mutane ba da saninsu ba.

In kana da yaro ko yarinya da suka kai aji biyar ko shida na sakandare, ka tafi da ɗaya. Yaran ƙauyenmu da yawa suna rubuta JAMB ba su taɓa ganin jami'a da idonsu ba. Ka nuna masa, ka gaya masa an buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, sunan Sardauna Ahmadu Bello take ɗauke da shi, Farfesa Ishaya Audu ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, kuma BUK ɗin da yake ji ma daga jikinta ta fito kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ka bar shi ya zauna a kujerar ɗakin lakca na minti biyar.

Manomi kuma kar ya baro Samaru bai shiga cibiyar binciken aikin gona ta IAR ba, tana nan tun 1922, ta girmi jami'ar ma. Irin da muke ji ana kira SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, duk daga nan suke fitowa. Muna ɗalibai muna wuce ta kullum ba mu damu ba, sai da muka dawo gona muka san darajarta. Ka je ka tambayi ɓangaren iri, ka gaya musu daga ina kake, don damunarmu ta arewacin Kano da Jigawa ta fi ta Zariya gajarta, kana buƙatar mai saurin nuna irin su SAMNUT 24, kuma ka tambayi wanda ke jure wuta-wuta in gonarka na fama da ita. Gero dai ba nasu ba ne, na cibiyar Tafkin Chadi ne da ke Maiduguri. Mai kiwo ya ƙarasa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, can aka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Ka tara saƙon maƙwabta kafin ka taho, iri ɗaya mai kyau in ya shigo ƙauye kowa sai ya samu.

In da sauran lokaci ka shiga birni. Abin kunya ne yadda wasunmu suka yi shekara huɗu iyakarsu PZ da kasuwar Sabon Gari. Ka shiga ta Ƙofar Doka, ka ga ganuwa, ka je ƙofar fadar Sarkin Zazzau, inda Ahmed Nuhu Bamalli yake tun 2020 bayan rasuwar Shehu Idris, ka tsaya wajen masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, ka yi addu'a ga waɗanda suka rasu lokacin da wani sashensa ya rufta a 2023.

Akwai abin da ke hana mutane tafiyar nan wanda ba sa faɗa, shi ne jin nauyi. Kana ganin zauren WhatsApp na ajinku, wane ya zama darakta a Abuja, wane yana Ingila, kai kana ƙauye da babur da alli a hannu, sai ka ji me za ka je ka nuna. Ba nuni za ka je yi ba. Mai shayin nan ba zai tambaye ka matakin albashinka ba, zai tambaye ka iyali nawa, mahaifanka na raye? Malaminka kuwa in ka ce masa kana koyar da lissafi a sakandaren ƙauye kuma yaranka na cin jarrabawa, ka ba shi labarin da ya fi so ya ji. Ka sa kayanka masu tsabta ka tafi yadda kake, kar ka ari mota, kar ka ci bashi don tafiyar. In abokan aji na zaune a Zariya ka sanar da su tun da mako guda, ka kwana wajen wanda ya fi kusa da kai in ya yi tayi, in ba haka ba masauki mai sauƙi na nan da yawa. Zumunci a ƙafa yake, zauren waya bai isa ba.

Kafin ka juyo ka nemi ɗaliban garinku da ke karatu yanzu, ko ta ƙungiyar ɗaliban jiha za ka same su. Ka tara su wajen mai shayi ka biya, ka tambaye su karatu da abinci da wurin kwana, wanda ke da matsalar kuɗin rajista ka tambaye shi ko ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ya faɗi wani kwas ka kwantar masa da hankali ka haɗa shi da malamin da ka gaisar ɗazu in ya dace. Ka ba su lambarka da gaske, irin wadda in sun kira za ka ɗauka.

Komawa kuma ka bar Kwangila kafin azahar don ka wuce Kano da rana ka isa gida kafin magariba, tafiyar dare ba ta da amfani a wannan zamanin. Washegari ka zagaya gidajen iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ka gaya wa uwar kowa ka ga ɗanta da idonka, lafiyarsa ƙalau, ga ɗakin da yake kwana, ga abin da ya ce a aiko masa in an samu mai zuwa.